Aguwe: Garin Bakin Teku Da Ya Karɓi Waɗanda Suka Dawo



Duk ɗan kasuwar Arzèkè da ya taɓa zuwa Lome sarin atamfa ta hanyar bakin teku ya ratsa ta tsakiyar Aguwe, ko ya lura ko bai lura ba. Mota takan baro Kome, ta haye gadar kogin Mono a Gran-Popo, sa'an nan ta miƙe yamma tsakanin itatuwan kwakwa, teku na ruri a hannun hagu. A daidai wannan lokaci hankalin fasinja ya riga ya tafi kan iyakar Hilakonji: wannan yana laluben takardunsa, wancan yana lissafin kuɗin sari, wata tana tashin ɗanta daga barci. Ƙalilan ne ke ɗaga kai su dubi tsofaffin gidajen da ke leƙowa daga cikin unguwanni, masu kaurin bango da dogayen tagogi na katako, wasu rufinsu ya rufta, wasu ciyawa ta tsiro a kan katangarsu.

To, wannan gari da muke wucewa a guje, wanda ake rubuta sunansa Agoué da Faransanci, yana riƙe da wani yanki na tarihinmu da ba a cika ba da shi a zaurukanmu ba. Labari ne na mutanen arewa, cikinsu har da Hausawa Musulmi, waɗanda aka sayar da su zuwa hayin teku, sa'an nan Allah Ya ƙaddara wa wasunsu dawowa, suka gina gari da hannunsu. Yau waɗannan gine-gine suna tsakanin abokan gaba biyu, teku ta gaba, sakaci ta baya. Abin da zai same su kuwa ya shafi duk mai tsohon gida a Paraku ko Jugu.

Gari tsakanin ruwa biyu

Aguwe yana ƙarƙashin gundumar Gran-Popo a jihar Mono, a kusurwar kudu maso yammacin Jamhuriyar Benin, ƴan kilomitoci kaɗan kafin iyakar Togo. Zaune yake a kan wani siririn zirin rairayi. Kudu teku ne, arewa kuma ruwan Gbaga, wani gulbi mai kwance da ya haɗa tafkin Aneho da kogin Mono. Wanda ya haye wannan gulbi da kwalekwale ya shiga Togo, domin yarjejeniyar da Faransa da Jamus suka ƙulla a 1897 ta bar wa Faransa zirin bakin tekun, ta bar wa Jamus ƙasar da ke bayansa. Saboda haka garin ba shi da inda zai ja da baya. In teku ta ci gaba ɗaya, ta ci ke nan.

An kafa garin ne a farkon shekarun 1820, lokacin da wani basarake mai suna Komlagan ya baro Aneho da mutanensa bayan rikicin sarauta. Wurin ya dace da irin cinikin wancan zamani, domin ana iya sulalo kaya ta gulbi daga Wida a gabas ko Aneho a yamma ba tare da jiragen yaƙin Ingila masu sintiri a teku sun gani ba. Kayan da aka fi sulalowa kuwa, abin baƙin ciki, ƴan Adam ne. Ko da yake Turawa sun riga sun haramta cinikin bayi a takarda, fataucin ya ci gaba a ɓoye zuwa Barazil da Kuba, kuma Aguwe yana cikin tashoshinsa.

Ɗan Jugu da bai dawo ba

Don mu san su wane ne aka bi da su ta wannan gulbi, sai mu koma gida. A cikin shekarun 1820 aka haifi wani yaro a Jugu, garin da a lokacin yake babban zango a kan hanyar fataken goro tsakanin Kano da Salaga ta ƙasar Gwanja. Sunansa Muhammadu Gado, kuma duniya ta san shi da rubutun da Turawa suka yi wa sunan, wato Mahommah Gardo Baquaqua. Gidansu gidan Musulmi ne ƴan kasuwa, mahaifiyarsa asalinta Bakatsiniya ce, ya kuma yi karatun allo kamar kowane yaro na unguwa.

Yana saurayi aka yaudare shi aka kama shi, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu ana gangarawa kudu, har aka kai shi Wida. Daga can aka sa shi a kwalekwale ta gulbi zuwa inda jirgi ke jira, kuma masu binciken tarihi sun fi karkata ga cewa a yammacin Wida ne, wajejen Popo. A wajen 1845 aka sauke shi a Parnambuko ta ƙasar Barazil. Bayan ya sha azaba aka sayar da shi ga wani mai jirgin ruwa a Riyo. A 1847 jirgin ya kai kofi birnin Niyok na Amurka, a can ya tsere. Ya zauna a Haiti a hannun ƴan mishan har ya shiga addininsu, ya dawo Amurka ya yi karatu, sa'an nan a 1854 aka buga tarihin rayuwarsa a birnin Ditiroyit. A cikin littafin ya siffanta Jugu ta zamaninsa, ganuwarta da ƙofofinta da masallacinta da yadda ake bikin salla. Ya yi ta neman hanyar komowa gida, ya je har Ingila a 1855 da wannan niyya. Labarinsa na ƙarshe da aka samu a rubuce na 1857 ne, yana can yana jira.

Muhammadu Gado mutum ɗaya ne cikin dubbai. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 a ƙasar Hausa, da rushewar daular Oyo, da hare-haren ƙasar Bargu, duk sun zuba mutane a kasuwannin bayi na bakin teku. Da yawansu an kai su Bahiya, lardin rake da taba na arewa maso gabashin Barazil. A ƙarshen shekarun 1840 jakadan Faransa a can, Francis de Castelnau, ya zauna da bayi Hausawa yana tambayarsu garuruwansu, suka yi ta ambaton Kano da Katsina da Zariya, ya buga bayanansu a 1851.

Daren Ramadan a Bahiya

Waɗannan bayin Allah ba su miƙa wuya cikin sauƙi ba. A 1807 hukumomin Salbado, babban birnin Bahiya, sun bankaɗo wani shirin tawaye na Hausawa. A 1809 da 1814 an yi tawayen a fili, Hausawa na kan gaba. Mafi shahara shi ne na daren 24 zuwa wayewar garin 25 ga Janairu 1835, wanda ya faɗo cikin goman ƙarshe na watan Ramadan na shekarar 1250 bayan Hijira. Mutum kusan 600 suka fito titunan birnin, da yawansu sanye da fararen riguna, da layu a wuya. Galibinsu Yarbawa Musulmi ne, amma akwai Hausawa da Nufawa. Cikin malaman da aka tuhuma akwai wani Bahaushe ƴantacce mai sayar da taba, wanda ake kira Dandara, da ke koyar da karatu a shagonsa. Ana kiran wannan tawaye na Male, daga kalmar da Yarbawa ke kiran Musulmi da ita.

Kafin hantsi an murƙushe su, fiye da mutum 70 sun mutu. Ƴan sanda suka bi gida-gida suna kwashe alluna da takardun Larabci, waɗanda har yau wasunsu na ajiye a gidan adana takardun tarihi na jihar Bahiya. An kashe wasu, an yi wa wasu bulala ɗaruruwa, an kori wasu daga ƙasar. Daga nan zama ya yi wa duk wani ƴantaccen ɗan Afirka wuya, musamman Musulmi. Wanda ya tara ɗan abin hannunsa sai ya biya kuɗin jirgi ya fuskanci gabas. Haka aka yi ta dawowa har bayan 1888, shekarar da Barazil ta soke bauta baki ɗaya.

Mafi yawansu ba su iya kaiwa garuruwan da aka haife su ba. Hanya ba ta da aminci, mai komawa ciki yana iya sake faɗawa hannun masu kame, wasu kuma garuruwan nasu yaƙi ya riga ya tashe su. Sai suka yada zango a bakin teku: Ikko, Porto-Nobo, Wida, Aneho, Ankara, da Aguwe. Mutanen ƙasa suka kira su Aguda.

Abin da suka gina

A Aguwe masu dawowa sun zauna ne rukuni-rukuni bisa asalinsu, kuma sunayen unguwannin garin sun riƙe wannan shaida. Kome a harshen Mina yana nufin unguwa. Akwai ta Fon, akwai ta Anago, wato Yarbawa, akwai wadda ake dangantawa da Hausawa, akwai kuma Zokikome, unguwar Joaquim d'Almeida da ake kira Zoki. Shi wannan mutumin ƙabilar Mahi ne da ya yi bauta a Bahiya, ya sami ƴanci, ya dawo ya zama attajiri, ya gina ƙaramin coci a garin a wajen 1845, ya rasu a 1857. Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta: shi da wasu irinsa, bayan sun ɗanɗani bauta, sun shiga cinikin bayi da kansu. Sai da Barazil ta rufe ƙofarta ga jiragen bayi a 1850 ciniki ya soma karkata zuwa manja.

Aguda sun zo da sana'a a hannu. A Bahiya su ne magina da kafintoci da maƙera da masu fenti, saboda haka da suka tashi yi wa kansu muhalli sai suka yi shi irin wanda suka saba yi wa iyayen gijinsu. Bango mai kauri na jar ƙasa ko gasasshen tubali, a shafe shi da farar ƙasar da ake samu ta hanyar ƙona ɓawon katantanwar ruwa. Tagogi dogaye masu marufin katako, an zagaye su da ado mai tudu. Baranda don shan iska, rufi mai gangara huɗu saboda ruwan sama, wani lokaci a ɗora bene a sama, ƙasa shago ne da ma'ajiyar kaya, sama iyali. Launi kuwa rawaya ko ja-ja ko shuɗi-shuɗi. Wannan salo ya bazu a duk gaɓar, daga Ankara har Ikko.

Musulmin cikinsu sun gina masallatai da wannan salon da suka iya. A Wida unguwar Maro ta shahara da Musulmin da suka dawo daga Barazil. A Ikko wani magini Ba'agude, João Baptista da Costa, ya yi aikin masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Mafi ban mamaki shi ne babban masallacin Porto-Nobo, wanda aka fara a shekarun 1910, gidan Paraiso na cikin jagororin aikin. Wanda ya gan shi daga nesa yakan ɗauka coci ne irin na Salbado, saboda fasalin fuskarsa da launukansa, sai ya matso ya ji kiran salla. Mutanen da aka hana su salla a fili a baƙuwar ƙasa sun ɗauko fasahar wannan ƙasa sun yi wa Ubangijinsu ɗaki da ita. Babu littafin da zai bayyana wannan fiye da yadda bangon kansa ke bayyanawa, gani ya kori ji.

Aguwe ya fitar da gidaje masu suna. A nan Francisco Olympio, wanda ya zo daga Bahiya, ya kafa zuriyarsa, kuma a nan aka binne jikansa Sylvanus Olympio, shugaban Togo na farko, bayan an kashe shi a Janairun 1963. Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya sun zauna a zirin rairayi ɗaya, sau da yawa a cikin zuriya ɗaya.

Abin da ke cin garin

Ciniki ne ya tayar da Aguwe, ciniki ne kuma ya bar shi. A ƙarshen ƙarni na 19 Faransawa suka gina gadar lodin jirage a Kwatano, Jamusawa suka gina tasu a Lome a 1904. Jiragen ruwa suka daina tsayawa a ƙananan tashoshi inda sai an yi kasadar ratsa igiyar ruwa da kwalekwale. Ƴaƴan garin, waɗanda suka riga kowa shiga lakwal, suka watsu cikin ƙasashen renon Faransa suna aikin akawu da koyarwa. Gidajen kakanni suka zama wurin zuwa biki da jana'iza. Mu da muka san abin da ya sami Salaga bayan yaƙin basasarta na 1892, da yadda jirgin ƙasa da mota suka kashe ayarin jakai, ba baƙon labari ba ne gare mu.

Sa'an nan ga teku. A wannan gaɓa igiyar ruwa tana tura rairayi ne daga yamma zuwa gabas, dare da rana. Muddin sabon rairayi na zuwa daga yamma yana maye gurbin wanda ya tafi, gaɓa tana nan daram. To amma a 1965 aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo a kan kogin Bolta a Gana, ta tare yashin da kogin ke kawowa teku. A 1968 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lome, doguwar katangarta ta tare wanda ya rage. Teku kuwa ba ta daina kwasa ba, sai ta koma cin ƙasar da ta tarar a gabas da Lome. A ƙarshen shekarun 1980 Togo ta jera duwatsu cikin ruwa don kare Aneho, garin ya samu sauƙi, amma cin ya matsa gaba zuwa Hilakonji da Aguwe. Ɗiban yashin teku don buga bulo ya ƙara wa ciwon gishiri, har gwamnatin Benin ta haramta shi a 2008. Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya ya tsaya a tsohuwar unguwar Gbekon ta Gran-Popo, ya dubi kangayen kantunan Turawa, ya tambayi dattawa ina sauran garin yake, za su nuna masa ruwa.

An yi wani babban yunƙuri. A ƙarƙashin shirin WACA na kare gaɓar Afirka ta Yamma, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2018, Benin da Togo sun yi aiki tare a 2022 da 2023. An jera sababbin duwatsu, an kuma zuƙo yashi daga cikin teku fiye da kubik mita miliyan 6 an jibge a gaɓar Benin, domin igiyar ruwa ta riƙa rarraba shi a hankali. Gaɓa ta faɗaɗa, mutane sun sami barci. Sai dai yashin da aka jibge tafiya zai yi ta yi gabas kamar na da, aikin kuwa na neman a riƙa sabunta shi.

Abokin gaba na biyu ba ya ruri, kuma Bankin Duniya ba shi da maganinsa. Gida ne na kaka, magada sun kai hamsin, wasu a Kwatano, wasu a Abijan, wasu a Faransa. Ba a raba gado ba, ba a sayar ba, ba a naɗa mai kula ba. Kwano ɗaya ya ɗaga, kowa na jiran wani ya aiko da kuɗi. Damina ɗaya ruwa ya jiƙa katako, ta biyu gara ta shiga, ta uku bango ya buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gidajen Aguda da yawa a Wida da Porto-Nobo ta wannan hanya suka tafi, nesa da bakin ruwa.

Darasi daga wani ƙauye a Sikotilan

A can arewacin Birtaniya, a ƙasar Sikotilan, akwai wani ƙaramin gari na bakin ruwa da ya bi irin wannan hanya, ya kuma sami mafita. Ana rubuta sunansa Culross, ana furta shi Kuros. Yana gaɓar arewa ta mashigin ruwan Fos, yamma da birnin Edinbara, mazaunansa ƴan ɗaruruwa ne. Shekaru 400 da suka wuce tashar ciniki ce mai albarka. Wani attajiri, George Bruce, ya haƙa ramin kwal har ƙarƙashin teku, abin da ya sa Sarki James na Shida ya zo kallo a 1617. Da kwal ɗin ake dafa ruwan teku a fitar da gishiri, jirage su kai Holan da ƙasashen Baltik. Attajirin ya gina gidansa kashi biyu, a 1597 da 1611, wanda yau ake kira Fada ko da yake sarki bai taɓa mallakarsa ba. An gina zauren majalisar gari a 1626. A kan tudu kuma akwai kangon wani gidan ibada na Kirista da aka kafa tun 1217.

A 1625 guguwa ta lalata ramin kwal na cikin teku. Sannu a hankali ciniki ya koma manyan tashoshi, garin ya talauce. Talaucin ya yi masa wani amfani guda, domin ba wanda ke da kuɗin rushe tsohon gida ya gina sabo. Amma zuwa farkon ƙarni na 20 gidajen sun lalace har hukuma na shirin share wasu da sunan tsabta.

A 1931 aka kafa wata ƙungiya mai zaman kanta ta kula da kayan tarihin Sikotilan, wadda ta sayi Fadar Kuros a 1932, ta ci gaba da sayen ƙananan gidajen talakawa tana gyarawa. A 1960 ta fito da wani tsari da ya cancanci mu yi nazarinsa. Ana ware asusu guda. A sayi tsohon gida da ya kusa faɗuwa, a gyara shi da irin kayan da aka gina shi da su tun asali, a sa masa ruwa da wuta da makewayi irin na zamani, sa'an nan a sayar wa iyalin da za su zauna ciki, da sharaɗi a rubuce cewa ba za su ɓata fasalinsa ba. Kuɗin da aka samu ya koma asusu, a sayi gida na gaba. Da wannan asusu mai juyawa aka ceto gidaje masu yawa a Kuros da sauran ƙauyukan masunta na wannan gaɓa. Yau yara na tashi a cikinsu, baƙi na zuwa kallo daga ko'ina, masu shaguna da masu masauki na cin abinci.

Akwai darasi na biyu, na magina. A can ma an taɓa yayin shafe tsofaffin bangaye da siminti, ana ganin ya fi ƙarfi. Daga baya aka gane siminti yana kulle danshi a cikin bango, dutse da katako su ruɓe ta ciki, sai aka koma shafen farar ƙasa mai barin bango ya yi numfashi. Kowane tsohon magini a Zango ya san wannan. Bangon ƙasa da aka lulluɓe da siminti yakan yi kyau shekara biyu ko uku, sa'an nan shafen ya kumbura ya ɓamɓaro falle-falle, ya fito da rubabben bango. Iyayenmu da ke yaɓe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, suna sabuntawa kafin kowace damina, sun san abin da suke yi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mu dawo gida

Paraku da Jugu ba su da teku, amma suna da abokin gaba na biyu, suna da na uku ma, wato sabon kuɗi. Jugun da Muhammadu Gado ya siffanta, nawa ne ya rage a cikinta wanda yaro zai taɓa da hannunsa? Fadar Kilir tana nan. Amma zaurukan da madugai suka sauka, da rijiyoyin da ayari ya sha, da ƙananan masallatan unguwa da malaman farko suka kafa, da yawa an rushe su an zuba bulo ba tare da an ɗauki ko hoto ɗaya ba. Niyyar masu yin haka kyakkyawa ce, jama'a ta ƙaru, sahu na neman fili. Sai dai mutanen Porto-Nobo da suka buƙaci babban masallaci na zamani sun gina shi ne a gefen tsohon, suka bar tsohon a tsaye. Ana iya faɗaɗawa ba tare da an shafe ba.

Abin da ke hannun kowane gida ba ya buƙatar izinin hukuma. Na farko, a daina barin gado a rataye. Magada su zauna gaban malami masanin rabon gado, ko dai wani ya sayi rabon sauran da yardarsu, ko su amince su mai da gidan wakafi, ya zama makarantar allo ko masaukin baƙi ko mazaunin gwauraye da marayun dangi, a rubuta, a sa shaidu, a naɗa mai kula. Na biyu, kada a bar tsohon gida babu mai kwana ciki, domin mai kwana ne ke jin ɗigar ruwa tun tana ɗigo ɗaya. Na uku, a sa gyaran rufi da magudanar ruwa cikin lissafin shekara kafin ruwan farko, kamar yadda ake sa ragon layya. Na huɗu, matanmu da suka iya riƙe adashi shekara da shekaru ba a ji kansu ba, da ƴan kasuwarmu, suna iya kafa asusu mai juyawa irin na Kuros a matakin unguwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na biyar, matasa masu waya a hannu su zauna da kakanni tun suna raye, su naɗi muryarsu: wa ya gina wannan zaure, daga ina ya zo, wace shekara, wa ya yi limanci a nan? A ɗauki hoton kowane bango da kowace ƙofa, a kuma fito da kundayen da ke cikin gafaka da adaka a duba ko gara ta shiga.

Littafin Allah ya yi ta kiranmu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi abin da ya sami waɗanda suka gabace mu. Mai tafiya kuwa sai ya sami abin dubawa. Idan Allah Ya sake kai ɗayanmu hanyar Lome, ya roƙi direba ko ya sauka da kansa a Aguwe na sa'a ɗaya. Ya yi sallama ga dattawan gari, ya tambayi unguwar Hausawa, ya yi salla a masallacinsu, ya yi addu'a ga waɗanda suka dawo da waɗanda teku ta raba su da gida har abada. In ya komo, ya zagaya bayan ɗakin kakansa ya dubi gindin bango kafin hadari ya haɗu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana.